Gani Odutokun, Mai Zanen Zariya da Ke Zuba Fenti

Idan ruwan sama ya ɗauke a Gidan Sori, yara kan fita bakin hanya su tsaya kallon inda ruwa ya bi cikin yashi. Wani wuri ya yi rassa kamar itace. Wani wuri ya kwaso jar ƙasa ya gauraya ta da farin rairayi. Babu wanda ya tsara wannan zane. Amma sai wani yaro ya ce ga doki nan, wani ya ce a'a, raƙumi ne. Wani kuwa ya ɗauki kara ya ja wa ruwan hanya, ya bi da shi inda yake so.

Akwai masu zane da suka mai da irin wannan abu sana'arsu. Sukan zuba fenti a kan ƙyalle, su bar shi ya gudana, sa'an nan su bi da shi. Ɗaya daga cikinsu malami ne a jami'ar Zariya, a arewacin Nijeriya. Sunansa Gani Odutokun. Mutanen Maraɗi ba su ɗauki Zariya nesa ba. Mota kan bi ta Ɗan Isa, ta ƙetare iyaka zuwa Jibiya, ta wuce Katsina da Funtuwa, sai ga Zariya.

Zane iri biyu

Zane iri biyu ne. Akwai wanda ke kama da wani abu: mutum, ko doki, ko rumbu. Wanda ya duba nan da nan zai faɗi sunan abin. Akwai kuma wanda ba ya kama da kome, sai layuka da launuka da siffofi kawai. Da Faransanci ana ce wa irin wannan art abstrait.

Hausawa sun san iri na biyu tun kaka da kakanni. Ga zanen da ake yi a bayan ƙwarya. Ga aikin allura a wuyan babbar riga, kamar aska biyu da aska takwas. Ga zayyanar da almajiri ke yi wa allo ran da ya sauke Alƙur'ani. Ga dagi da magina ke fitarwa a bangon zaure a Birnin Damagaram da Kano da Zariya. Duk waɗannan ba hoton kowa ba ne, amma suna da kyau, ido kuwa yana hutawa a kansu.

Sai dai akwai wani bambanci. Mai ɗinkin riga ya gaji zanensa daga maigidansa. Tun bai sa allura ba ya san yadda aikin zai ƙare. Mai zuba fenti kuwa bai san ƙarshen aikinsa duka ba sa'ad da ya fara. Shi ya sa waɗansu mutane kan dubi irin wannan zane su ce ɓarna ce, ko yaro ma zai iya. Labarin Gani Odutokun zai nuna ko haka ne.

Daga Gana zuwa Zariya

An haifi Gani Odutokun a shekara ta 1946 a garin Nsawam, kusa da Ankara, babban birnin ƙasar Gana. A lokacin ƙasar tana hannun Ingila, ana ce mata Gwalkwas. Iyayensa Yarbawa ne daga garin Offa, wanda yanzu yake cikin jihar Kwara ta Nijeriya. Sun je Gana neman abinci, kamar yadda fataken Hausa suka daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, kamar kuma yadda samarin Nijar ke zuwa Kumasi cin rani. Mahaifinsa cinikin koko yake yi, wato ƴaƴan itacen da ake yin cakulan da su. Da kasuwar ta ja baya, iyalin suka komo Nijeriya.

Gani bai shiga sana'ar zane da wuri ba. Da ya gama makarantar sakandare, aikin akawu ya kama a wani kamfani. Yana rubuce-rubucen ofis, yana zane a lokacin hutunsa. Abokansa suka ga hannunsa, suka matsa masa ya koma karatu. A 1972 ya sami shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sashen koyon zane. Shekarunsa 26 a lokacin. Mutum mai albashi ya bar kujerarsa ya koma bencin ɗalibai, ba ƙaramin abu ba ne.

Ya sami digirinsa na farko a 1975. Jami'a ta riƙe shi ya zama ƙaramin malami a sashen da ya yi karatu. A 1979 ya sami digiri na biyu. Daga nan Zariya ta zama gidansa har ƙarshen ransa.

Makarantar zane ta Zariya

Makarantar da Gani ya shiga tana da tarihi. An kawo sashen koyon zane Zariya daga Ibadan a 1955, tun Nijeriya ba ta sami mulkin kai ba. Yawancin malaman Turawa ne, kuma zanen Turai suke koyarwa. A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne, ɗan Afirka ya koyi dabarun Turawa, amma kada ya yar da na gidansu, ya haɗa su biyu su zama abu guda. Uche Okeke ya koma ga zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya gina aikinsa a kai. Daga baya aka riƙa kiran waɗannan ɗalibai ƴan tawayen Zariya. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, sashen zane ya shiga cikinta.

Ɗalibin zane a irin wannan makaranta ba da zuba fenti yake farawa ba. Sai ya yi shekaru yana zana abin da ke gabansa da fensir da gawayi: tulu, da hannu, da fuskar mutum. Sai ya san inda haske ke faɗuwa da inda inuwa ke kwanciya. Sai ya san cewa shuɗi da rawaya kan ba da kore, ja da rawaya kan ba da ruwan goro. Gani ya bi ta wannan hanya duka. Ya iya zana mutum ya fito sak. Ya yi zane a bangon gine-gine, ya kuma zana bangon littattafai. Bayan ya ƙware ne ya shiga gwada wata hanya.

Ba'amurken da ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa

Hanyar zuba fenti ta yi suna a duniya tun Gani yana jariri. Wanda ya fi kowa shahara da ita wani Ba'amurke ne, Jackson Pollock. An haife shi a 1912 a garin Cody, a yammacin Amurka. Shi ne autan ƴaƴa maza biyar. A 1930 ya tafi birnin New York ya yi karatu wajen wani mai zane, Thomas Hart Benton, wanda ke zana manoma da ma'aikata. Shi ma Pollock da zanen mutane da dawaki da gonaki ya fara. A 1936 ya yi aiki na ɗan lokaci tare da David Siqueiros, mai zane daga ƙasar Meziko, inda ya ga ana gwada fenti mai ruwa-ruwa. Ya kuma ga yadda Indiyawan Amurka na ƙabilar Nabaho ke yin zane a ƙasa da yashi mai launi.

A 1945 ya auri Lee Krasner, ita ma mai zane ce, suka bar birni suka koma wani ƙauye, Springs. Can akwai wata tsohuwar rumfar katako, ya mai da ita ɗakin aiki. Daga 1947 ya daina jingina ƙyalle a tsaye yadda aka saba. Sai ya shimfiɗa shi a ƙasa kamar tabarma. Ya riƙe gwangwanin fenti a hannu guda, irin fentin da ake shafa wa gida, ya riƙe sanda ko busasshen buroshi a ɗayan. Yana zagaya ƙyallen ta kowane gefe, yana ɗiga fenti, yana watsawa, layi bisa layi. Waɗansu zanen manya ne ƙwarai. Akwai wanda ya yi a 1950 mai tsawon fiye da mita 5. Da yawa bai ba su suna ba, lamba kawai ya sa musu, don kada mai kallo ya tsaya neman hoton wani abu a ciki.

A 1949 wata babbar mujallar Amurka, Life, ta buga labarinsa da hotunan aikinsa. Waɗansu suka yaba, waɗansu suka yi dariya, suka ce fenti ne ya zube. Pollock bai yarda ba. Ya ce shi ke sarrafa yadda fentin ke zuba, babu abin da ke faɗuwa a kan ƙyallen ba da saninsa ba. Wata mai zane kuma, Helen Frankenthaler, ta ga aikinsa ta ɗauki wata hanya a 1952. Ta tsinka fentin mai har ya zama kamar ruwa, ta zuba, ƙyallen ya sha shi kamar yadda yadi ke shan baba a marina.

Pollock ya yi fama da shan giya shekara da shekaru. Ran 11 ga Agusta 1956 ya tuƙa mota a buge, ta ƙwace masa ta faɗi. Ya mutu yana da shekara 44, wata mata da ke cikin motar ita ma ta mutu.

Yadda ake zuba fenti

Fentin mai abu biyu ne aka haɗa: garin launi da man wani tsiro. Idan aka matso shi daga mazubinsa yana da kauri kamar man shanu. Mai zane kan ɗiba da buroshi ya shafa, ya zauna daidai inda aka sa shi. Wanda ke son zubawa kuwa sai ya tsinka shi da wani ruwa mai kama da kananzir, har ya zama kamar kunu, ko ma ya fi kunu tsinkewa.

Sa'an nan a kwantar da ƙyallen. A zuba launi na fari. A ɗaga gefe guda, fenti ya gangara. A zuba na biyu tun na farin bai bushe ba. Inda suka haɗu, wani ya shiga cikin wani, wani ya ture wani, a sami launin da ba a haɗa da hannu ba. Fentin mai ba ya bushewa da sauri, yakan ɗauki kwanaki. Saboda haka mai zane yana da lokacin dubawa da gyarawa.

To, me ke hannun mai zane a nan? Shi ke zaɓen launuka. Shi ke sanin kaurin kowanne, domin mai kauri tafiyar hawainiya yake yi, tsinkakke kuwa gudu. Shi ke zaɓen wanda za a fara zubawa, da inda za a zuba, da yadda za a karkata ƙyallen. Shi ke sanin lokacin tsayawa, wannan kuwa ya fi duka wuya. Wanda bai sani ba zai yi ta zubawa har launuka duka su gauraye su koma kamar taɓo. Abin da ba ya hannunsa shi ne ainihin hanyar da kowane ɗigo zai bi.

Manomi ya san irin wannan aiki. Shi ke zaɓen iri, shi ke gyara gona, shi ke duba ranar shuka. Ruwa kuwa ba a hannunsa yake ba. Duk da haka ba wanda zai ce noma ba sana'a ba ce. Ruwa ɗaya ke sauka a gonar gwani da ta rago, amma a kaka sai a ga bambanci.

Katari da tsari

Gani Odutokun ya yi suna da fentin mai da aka tsinka. Amma tunaninsa ya bambanta da na Pollock. Pollock ya ce babu katari a aikinsa. Gani kuwa ya karɓi katari hannu biyu, ya ba shi wuri. Kalmomi biyu ne aka fi danganta aikinsa da su: katari da tsari. Katari shi ne abin da ya faru ba da niyyar mutum ba. Tsari shi ne abin da mutum ya shirya da hankalinsa. A ganin Gani, zaman duniya haɗin waɗannan biyu ne, saboda haka zane ma ya kamata ya nuna haka. Wanda aka haifa a Gana, ya yi akawu, ya ƙare yana malamin zane a Zariya, ya san cewa ba duk hanyar da mutum ya bi ce ya tsara ba.

Wani bambancin kuma shi ne, Gani bai rabu da siffofin duniya ba. Fenti ya gudana ya bar alamu, shi kuma ya duba ya fitar da abin da ya gani a ciki, kamar yaran nan na bakin hanya. A cikin aikinsa akwai busasshiyar ƙasa, da hazon hunturu, da hawan dawaki irin na sarakunan arewa. Abubuwa ne da ya zauna cikinsu a Zariya, yaron Gidan Sori ma ya san su. Wani zanen siffar ta fito sosai, wani kuwa sai an daɗe ana kallo.

Sarki da janar-janar

Gani bai tsaya ga kyan launi kaɗai ba. Yawancin shekarun da ya yi yana koyarwa, soja ke mulkin Nijeriya. Sun karɓi mulki a ƙarshen 1983, ba su mayar wa zaɓaɓɓiyar gwamnatin farar hula ba sai 1999. A irin wannan lokaci faɗin gaskiya a fili yana da haɗari. Gani ya yi jerin zane a kan wani sarki da fadawansa. Sunan ɗaya daga ciki, idan aka juya shi da Hausa, shi ne Sarki na Raha da Janar-janar Ɗinsa. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma masu kallo sun gane inda aka dosa, kamar yadda mai sauraron tatsuniya ya san ba zaki da kura kaɗai ake nufi ba.

A 1991 ya yi wani zane da ya yi suna, Hira da Mona Lisa. Mona Lisa hoton wata mata ne da Leonardo da Vinci, mutumin Italiya, ya zana shekara 500 da ƴan kai da suka wuce. Yana ajiye a gidan tarihi na Louvre a birnin Paris. A zanen Gani, matar nan tana sassaƙa wani mutum-mutumin itace irin na Afirka, shi kuma mutum-mutumin yana zana ta. Kowa na yin ɗan'uwansa. Wannan ita ce tsohuwar maganar ƴan tawayen Zariya, ya sake faɗinta da hoto: Afirka ta karɓa daga Turai, Turai ma ta karɓa daga Afirka. Gaskiya ne kuwa, domin tun wajen 1907 manyan masu zane na Paris, irin su Picasso, suka ɗauki darasi daga sassaƙar Afirka.

Malami da ɗalibansa

Gani ya yi kusan shekara 20 yana koyarwa. Ɗalibai da yawa sun bi ta hannunsa, waɗansu suka zama malamai a wannan sashe, waɗansu suka watsu cikin Nijeriya. Jerry Buhari, ɗan jihar Kaduna, yana cikin masu zanen Zariya da suka yi aiki da fenti mai ruwa-ruwa, daga baya ya zama farfesa a jami'ar. Gani da abokan aikinsa sun kafa ƙungiya, suka riƙa buga mujalla a kan zane a farkon shekarun 1990. Ma'anar sunanta da Hausa ita ce Ido. Sun ga cewa yin zane kaɗai bai isa ba, sai an yi rubutu a kansa, an yi muhawara, an koya wa jama'a kallo.

A watan Fabrairu 1995 Gani ya je Legas wajen wani nunin zane. A kan hanyar komowa Zariya motarsu ta yi haɗari ran 15 ga wata. Ya rasu tare da waɗansu abokan tafiyarsa, yana da shekara 48. A wannan shekara aka nuna aikinsa a Landan, cikin wani babban nunin zanen Afirka a gidan nuni na Whitechapel. A shekara ta 2000 aka sake shirya wani nuni a Landan don tunawa da shi, aka haɗa aikinsa da na waɗanda suka koya daga gare shi. Sunan nunin shi ne kalmomin nan biyu nasa. A Ingilishi kuwa kalma ɗaya ce ake faɗa wa katari da haɗarin mota.

Yadda ake kallon irin wannan zane

Wanda ya tsaya gaban zanen da ba ya kama da kome, kada ya yi saurin yanke hukunci. Ya fara duba launuka: wanne ya fi yawa, wanne ke ƙasa, wanne ke bisa. Ya duba inda fenti ya yi gudu da inda aka tsai da shi. Ya matsa kusa, ya ja da baya. Sa'an nan ya tambayi kansa abin da ya ji a ransa: sanyi ko zafi, natsuwa ko tashin hankali. Mai sauraron kalangu ba ya tambaya da me kiɗan ya yi kama kafin ya ji daɗinsa.

Yaro zai iya zuba fenti, ruwan sama ma yana zane a yashi. Amma Pollock ya yi shekara 17 yana koyo da gwaji kafin ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa. Gani ma sai da ya iya zana fuskar mutum sak kafin ya saki fenti ya gudana. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Ma'anar kalmomi

Katari: abin da ya faru ba da niyya ba.
Tsari: abin da aka shirya da hankali.
Tsinka: ƙara ruwa a abu mai kauri.
Nuni: wurin da ake jera aikin hannu don jama'a su gani.
Digiri: takardar shaidar gama karatun jami'a.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Gani Odutokun? Me ya kai iyayensa can?
2. Wane aiki ya yi kafin ya shiga jami'a?
3. Mene ne ra'ayin ɗaliban da suka kafa ƙungiya a Zariya a 1958?
4. Yaya Jackson Pollock yake yin zanensa daga 1947?
5. Ku faɗi abubuwa uku da ke hannun mai zuba fenti, da abu ɗaya da ba ya hannunsa.
6. Ina bambancin tunanin Pollock da na Gani?
7. Don me Gani ya zana sarki bai ambaci sunan kowa ba?

Aiki

Ku nemo jar ƙasa, da garin gawayi, da farar ƙasa. Ku dama kowanne da ruwa a kasko daban, wani da kauri, wani a tsinke. Ku zuba su a kan kwali ɗaya bayan ɗaya, kuna karkata shi. Idan ya bushe, kowa ya duba abin da ya gani a ciki, ya fitar da shi da alli ko gawayi, ya ba zanensa suna da Hausa da Faransanci.